Yadda Ake Tara Kayan Fasaha a Ƙawata Gida da Su

A ɗakin kakata na fara ganin bangon da aka tsara da hankali. Jerenta ne na fanteka da langa da tasoshi, manya a ƙasa, ƙanana suna hawa sama har kusa da rufi, ga ƙore masu zane a gefe guda an kife su bisa juna. Ba ta taɓa jin labarin gidan nune-nunen zane ba, amma kowane kwano ta san wanda ya ba ta shi da shekarar da ya shigo ɗakin, kuma in ka gusar da ɗaya ko da kamu guda ne za ta gane. Na shafe shekaru ina rataya zane da allo da faifai a gidana da na 'yan'uwa, kuma har yau abin da na gani a ɗakin nan nake bi: kada ka ɗora abin da ba ka san labarinsa ba, kada kuma ka ɗora shi inda ba ka auna ba.

KAYAN AIKI

Tef na awo. Mai mita biyar ya wadatar.

Lebur, wato ma'aunin magina mai ɗan ruwa a ciki. In babu, yawancin wayoyin yanzu ana iya saka musu manhajar da ke wannan aiki. In ita ma babu, ɗaura ƙaramin dutse a zare ka sake shi, zai nuna maka miƙaƙƙen layi daga sama zuwa ƙasa.

Fensir, almakashi, tsofaffin jaridu ko takardar buhun siminti, da salatif ɗin takarda irin na masu fenti, wanda ba ya ɓamɓaro fenti in an cire shi.

Guduma da ƙusoshin kankare, don kaya marasa nauyi. Don masu nauyi kuwa sai injin huda bango, da sukuru tare da robar da ake cusawa a ramin kafin a ɗaura shi. Ba sai ka sayi injin ba, mai gyaran wuta ko kafintan unguwa zai zo da nasa.

Waya mai ƙarfi ta bayan firam. Ni wayar birkin keke nake amfani da ita, ba ta miƙewa, ba ta saurin tsinkewa, kuma kowane mai gyaran keke yana da ita.

Buroshi mai laushi sabo fil, irin wanda mata ke shafa hoda da shi, da farin tsumma na auduga.

Ƙaramin maganaɗisu da tocila, na zuwa kasuwa ne.

Littafi guda mai kauri.

Sai mutum na biyu. Wanda ke kan tsani ba ya ganin karkata, sai na ƙasa.

1. FARA DA ABIN DA KE GIDA, KA ZAƁI HANYA ƊAYA

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe akwatuna. A gidaje da yawa akwai allon saukar wani mai zayyana yana jingine a bayan kabad, ko babbar rigar kaka mai aska takwas da ba wanda ke sawa, ko tsohon luru, ko hoton auren iyaye na baƙi da fari. Waɗannan su ne tushe, domin ba kuɗin da zai sayo maka irinsu. Sai dai ka nemi izini. Kayan gado ne, kuma na ga zumunci ya yi tsami a kan riga guda.

Daga nan ka zaɓi abin da zai haɗa kayanka. Wani rubutu yake so, sai ya tara alluna da zayyanar takarda. Wani saƙa da rini. Wani launi yake bi, misali shuɗin baba da jar fata da ruwan tagulla, duk abin da ya fita daga nan ya bar shi ko da ya burge shi. Wani kuma gari yake bi, komai nasa aikin Zariya ne ko na Bida. Wanda ya ƙi zaɓa, bayan shekara biyu falonsa ya zama rumfar dillali.

Maganar hoton mai rai ka yanke ta tun yanzu, kai da mutanen gidan. Gidaje da yawa ba sa rataya shi, kuma ba su rasa komai ba: dagi, tambari, zanen ƙwarya, rubutu, hoton ganuwa da soraye da kasuwa daga nesa, duk suna nan. Abin da ba shi da daɗi shi ne ka biya kuɗi mai yawa, ka kafa, sannan Baba ko Inna su zo ziyara a ce a sauke.

2. KARANTA ƊAKIN KAFIN KA JE KASUWA

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke cin kaya.

Ka ware yini guda kana lura da inda rana ke sauka a ɗakin, da hantsi, da azahar, da la'asar. Tagar da ke kallon yamma ita ce muguwa, tana jefa zafin la'asar a bangon da ke fuskantarta. Duk wurin da rana ta taɓa kai tsaye, ba na takarda ba ne, ba na rini ba ne, ba na fata ba ne. Launi in ya koɗe ba ya dawowa. Tagulla da tukwane ne kawai ke jure wannan.

Sai rima. A ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, shi ya sa magina na da suke ƙara wa bangon gabas kulawa. In bangon gabas na ɗakinka na waje ne, shafa shi da tafin hannu a watan Agusta. Ka ji sanyi, ko ka ga fenti ya kumbura yana fitar da farin gari kamar gishiri, to bar shi. Haka bangon da banɗaki ke bayansa, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, domin wata rana sai ta ɗiga.

Na uku hayaƙi. Ba na murhu kaɗai ba, har da turaren wuta. Uwargida ba za ta daina turara ɗakinta don zanenka ba, kuma da gaskiyarta, amma a samar wa kasko wurin zama nesa da bangon ado. Hayaƙin turare yana da maiƙo, yana kwanciya a kan yadi da takarda ya mai da su ruwan ƙasa a hankali, ba ka lura sai ranar da ka cire firam ka ga bambanci.

In ana salla a ɗakin, ni ina barin bangon alƙibla wayam, saboda kada ado ya ɗauke hankalin mai salla. Abin da ke ɗauke da ayoyi kuma a ba shi wuri mai tsayi da mutunci, ba a hanyar banɗaki ba, ba inda ake miƙe ƙafafu ana fuskantarsa ba.

Bayan ka fitar da waɗannan, bangon da ya rage ka auna faɗinsa da tsayinsa, ka rubuta a littafinka, ka ɗauki hotonsa a waya. Da su za ka je kasuwa.

3. SAYE

A Kano, Kasuwar Kurmi ce wurin farko, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Akwai fatu, ƙore, fayafayi, tagulla, alluna, duwatsun wuya. Marinar Ƙofar Mata, wadda marinan wurin ke cewa tun 1498 ake rini a cikinta, nan za ka ga yadi yana fitowa daga rijiyar baba a gabanka. Kafin ka shiga ko ɗaya, ka bi ta Gidan Makama ka yi awa guda kana kallon aikin mutanen da. Ido yana bukatar ya ga mai kyau kafin ya iya raina marar kyau. Bida ta yi suna a aikin tagulla da duwatsun gilashi na 'yan Masaga, Agadas a azurfa, Damagaram da Sakkwato da Naraguta ta Jos a fata. Wanda ke Yamai, a cikin gidan tarihin Boubou Hama akwai rumfunan masu sana'a suna aiki kana kallo.

Zanen zamani kuwa, na fenti a kan yadi, ka nufi sassan koyar da zane na jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha. Na Jami'ar Ahmadu Bello tsoho ne. A Zariya ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai masu zane a 1958, kuma ayyukansu yau sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Amma a wancan lokacin ɗalibai ne. Ka tambayi lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke baje ayyukansu, ka je ka saya daga hannun yaron da ya yi. Ba na cewa ka saya don wata rana ya yi tsada, yawanci ba ya yi. Ka saya don kana son ganinsa kullum da safe.

Ga yadda nake duba kaya:

Tagulla: kanga maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, damina biyu zai yi tsatsa.

Ɗinki: juya bayansa. Aikin hannu yana da ƙulli nan da can, ɗinkin bai zama tsawo ɗaya ba. Na keke bayansa sumul yake, da zaren ƙasa mai bin layi ɗaya.

Rini: duba fuska biyu. Wanda aka tsoma a baba ya ratsa ciki da waje, wanda aka buga a masana'anta bayansa ya fi haske. Na gaske kuma yana da warinsa, yana ɗan shafar yatsa da shuni.

Zanen fenti: haska tocila daga gefe. Za ka ga tudu da kwarin da buroshi ya bari. In ya kwanta lebur, kusanto da kyamarar waya ka ƙara girma; ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, bugun inji ne. Bugun inji ba haramun ba ne, amma kada a karɓi kuɗin aikin hannu a kansa.

Ƙwarya da itace: ƙwanƙwasa a kan farar takarda. Gari ya zubo daga ƙananan ramuka, akwai ƙwaro a ciki.

"Tsohon kaya": shinshina. Ana tsofar da sabon sassaƙa da hayaƙi da man goge takalmi. Tsufan gaske yana bayyana inda hannu ke kamawa, a baki da mariƙi, ba ko'ina bai ɗaya ba.

Ciniki dole ne, amma akwai bambanci tsakanin dillali da mai yi. Dillali ka taya shi yadda aka saba. Tsohuwar da ta yi mako biyu tana saƙa faifai guda, kada ka matse ta, domin gobe wurinta za ka koma, kuma mafi kyawun aikinta wanda ya mutunta ta take ajiye wa. Ka tambayi sunan mai aikin da garinsa. Mai zane kuma ya sa hannu da shekara.

Kada ka sayi fiye da abu biyu a fita ɗaya. Kuma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ka ware ka bar shi a gida, na firam da kafawa ne. Araha ba ta ado, amma tsadar da aka jingine a bayan ƙofa don babu kuɗin firam ita ma ba ta yi.

4. ABIN DA BA A SAYE

Za a iya jan ka gefe a nuna maka kan mutum-mutumi na yumɓu a cikin tsumma, a ce daga Nok ne. Bar wurin. A 1928 aka fara cin karo da irin waɗannan a wajen haƙar kuza a kudancin Kaduna, daga baya aka shiga wawure su, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa. Aikin gargajiya da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da dokar ta kira kayan tarihi. In na gaske ne ka shiga laifi, in na jabu ne an cuce ka. Haka tsofaffin littattafan hannu da aka yage ana sayar da su warƙa-warƙa, da hauren giwa, da fatun namun dajin da aka hana farauta. Ko sabon kaya ne mai kama da tsoho, in za ka fita da shi waje ka nemi takardar shaida daga ofishin hukumar, don kada a riƙe maka shi a filin jirgi.

5. KILLACE, SHARE, RUBUTA

Sabon kaya na itace ko ƙwarya ko kaba ko ulu ba ya shiga cikin sauran kai tsaye. Ɗora shi a kan farar takarda a wani ɗaki na mako biyu, kana dubawa. Ba gari, ba ƙwaro, sai ya shigo. In akwai, ka ɗaure shi tam a leda biyu ka sa a firiza mako guda zuwa biyu, in kana da wutar da za ta riƙe sanyin ba yankewa. Idan ka fitar, kada ka kwance ledar sai ya kwana ya huce. Inda wuta ba ta zama, mayar wa mai shi ya fi sauƙi. Kada ka fesa maganin sauro a jikin kaya, yana barin tabo.

Shara da buroshin nan mai laushi kawai. Ban da ruwa, ban da sabulu, ban da mai. Mutane suna son shafa wa fata da ƙwarya man gyaɗa don su yi sheƙi. Sheƙin na mako guda ne, daga nan ƙura ta manne, kyankyasai su samu abinci.

Sannan buɗe littafinka: mene ne, wa ya yi, a ina, yaushe, nawa ka biya, faɗi da tsayi. Ba shi lamba, ka rubuta lambar da fensir a bayansa ko ƙarƙashinsa. Yau kana ganin ba za ka manta ba. Bayan shekara goma 'ya'yanka za su tambaye ka, ka tsaya kana sosa ƙeya.

6. SHIRYA KOWANE IRI

Takarda, wato zayyana, zanen fensir ko tawada, da tsofaffin hotuna. Tana bukatar gilashi, amma kada gilashin ya taɓa ta. A yanka farin kwali mai kauri a yi mata taga a tsakani. Dalili: da damina gumi yana taruwa a cikin gilashi, takardar da ke manne da shi sai ta liƙe, tawada ta bi gilashin. Kuma ka tsaya a kan mai firam ka faɗa masa da bakinka cewa ban da gam. Na taɓa kai wata zayyana wani shago na tafi, da na dawo an shafe bayanta da gam an manna a katako don "ta kwanta". Kafin shekara ta zagayo gam ɗin ya ratso gaba ya yi taswira. Abin da ake yi shi ne a riƙe ta da 'yan kusurwoyin takarda huɗu, ta zauna a ciki ba tare da an manna ta ba. Babban kuskuren da ya fi wannan shi ne a kai ta a liƙe ta cikin leda da injin zafi kamar katin shaida. Wannan ba ya warwaruwa har abada. Tsohon hoton iyali kuwa, a ɗauki kwafinsa a rataya, ainihin a ajiye a ambulan cikin akwati.

Zanen fenti mai mai a kan yadi ba ya bukatar gilashi. Siririn firam ya ishe shi, a rufe bayansa da kwali saboda ƙura da gizo-gizo.

Allo. Kada a huda shi. A kafa ƙusa biyu masu lanƙwasa a ƙasa ya zauna a kai, ɗaya a sama ta tallafe wuyansa, duk a naɗe su da zare don kada su karce shi.

Yadi, riga, luru. Ƙusa a jikin yadi yaga ce ake jira. A sa tela ya ɗinka wa bayansa aljihu mai tsawo da farin yadin auduga da aka riga aka wanke, da allurar hannu, a zura sanda a ciki, sandar ce za ta hau ƙusa. Babbar riga kuma sanda mai kauri ake zurawa ta hannu zuwa hannu, a naɗe sandar da tsumma don kafaɗa ta samu matashi. Rinin baba yana shafar bango, don haka a yi masa shafi a baya.

Faifai da ƙwarya. Faifai ka zura siririn zare mai ƙarfi ta cikin saƙar bayansa ka yi masa hanci. Ƙwarya in tana da tsohon rami ko ɗinki a baki, bi ta nan. In babu, kada ka huda, ɗora ta a kantar jera kaya bisa gammo.

Duk firam, a manna masa 'yan guntayen roba biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya, ko da yankan tsohon silifa ne. Suna ɗaga shi daga bango kaɗan iska ta riƙa wucewa, suna kuma hana shi karkacewa.

7. GWADA A ƘASA, SANNAN DA TAKARDA

Shimfiɗa tabarma ko zani daidai girman wurin da ka auna, ka jera kayan a kai. Fara da mafi girma ko mafi daraja, sauran su kewaye shi. Tazarar da nake bari tsakanin firam da firam santimita 5 zuwa 8 ce, kuma in na zaɓi ɗaya ita zan bi har ƙarshe. Fayafayi da ƙore sun fi kyau a matse su, har gefe ya ɗan hau gefe, manya a tsakiya ƙanana suna watsuwa. Guda uku ko biyar ko bakwai sun fi zama a ido fiye da biyu ko huɗu. Hau kujera ka ɗauki hoto, ka canza, ka sake ɗauka.

A nan nake saɓa wa kakata. Ita cika bango take yi, domin jere yawa yake nunawa, kuma kwanuka iri ɗaya ne, yawansu ne kyansu. Kayan da kowanne da fuskarsa kuwa suna bukatar fili. A falo, bango ɗaya ne zai yi magana, sauran su yi shiru ko su ɗauki abu ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage a ajiye, za a zo kansa.

Tsarin da ya kwanta maka, yanka jarida daidai girman kowane abu, ka manna a bango da salatif ɗin takarda. Bar su kwana biyu. Duba daga bakin ƙofa, duba daga inda kake zama. Gyaran takarda kyauta ne, gyaran rami kuwa sai da siminti da fenti.

8. AWO DA KAFA ƘUSA

Kusan kowa yana rataya kaya sama da kima, can kusa da silin kamar agogo. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan wurin tef ya fi shi. Tsakiyar abin ya kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. In rukuni ne, tsakiyar rukunin gaba ɗaya. A ɗakin da ake zaman ƙasa a kan darduma da tuntu, nakan sauko zuwa wajen 125 ko 130, domin idon mai zaune ake yi wa. A bayan doguwar kujera, ƙasan firam ya ɗara kan kujerar da santimita 20 zuwa 25, kada mai hula ya jingina ya ture shi. Faɗin abin da ke sama kuma ya kai kamar kashi biyu cikin uku na faɗin kujerar.

Lissafin wurin ƙusa: raba tsayin firam biyu, ka tara da 150. Sannan ja wayar baya sama da yatsa kamar tana rataye, ka auna daga nan zuwa saman firam, ka ɗebe. Misali firam mai tsayin 60, waya tana tsayawa saura 10 ta kai sama: 150 da 30 sun zama 180, a cire 10, ƙusa tana kan 170.

Kafin ka buga, dubi makunnin fitila da soket. Wayoyin wuta a cikin bango yawanci miƙe suke tafiya sama ko gefe daga gare su, don haka kada ka huda a kan waɗannan layuka. Na taɓa yi, Allah ya sa an ɗauke wuta a lokacin.

A bangon bulo da filasta, ƙusar kankare tana ɗaukar abin da bai wuce kilo biyu zuwa uku ba. Manna ɗan salatif a wurin kafin ka buga don kada filasta ta fashe, ka karkata kan ƙusar sama kaɗan. Abin da ya fi haka nauyi sai sukuru da robarsa. In bakin injin ya faɗa fanko cikin ramin bulo, gusa kaɗan ka sake. Duk abin da faɗinsa ya wuce santimita 60, ƙusa biyu a jere, a daidaita su da lebur. A ginin ƙasa ƙaramar ƙusa ba ta riƙo. A fiƙe ɗan turken itace mai ƙarfi a buga shi ciki sosai yana kallon sama, kamar yadda ake yin maratayi tun da.

In gidan haya ne mai gida ba ya son ramuka, roƙe shi ya bar ka ka kafa katako guda mai tsawo a sama da sukuru uku, komai ya riƙa saukowa daga jikinsa da waya. Ko ka yi siririyar kanta mai ɗan baki ka jingina firam a kai. Maratayan nan masu gam ban yarda da su ba, zafin watan Afrilu yana narkar da gam ɗin, cikin dare ka ji tartsatsin gilashi.

9. KAYAN DA BA A RATAYEWA

Tukwane, tuluna, tagulla, akushi. Wanda ya kalli bayan takardar naira ashirin ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya ya san tukunya ma abin nunawa ce, kuma har yanzu matan Gwari da na wasu garuruwa suna gina masu zane da suka cancanci falo. Tulu mai zagayayyen gindi a zaunar da shi a gammo, a zuba masa yashi busasshe kamar kwano biyu a ciki don ya yi nauyi. Kada a zuba ruwa a sa fure a tukunyar da ba a yi mata sheƙi ba, tana tsatsafowa. A kantar jera kaya, haɗa dogo da matsakaici da gajere, ka bar fili tsakaninsu. In akwai yara masu rarrafe ko masu ƙwallo a falo, kabad mai gilashi da makulli, kuma a ɗaure kabad ɗin kansa da bango.

10. HASKE

Ƙwan LED mai haske ruwan ɗorawa-ɗorawa ya fi dacewa da fata da itace da tagulla. Farin nan mai kama da na asibiti yana kashe musu launi. Hasken ya sauko daga sama a karkace, ba daga gaba ba, in ba haka ba gilashi zai riƙa mayar maka da fuskarka. Faifai da ƙwarya da ɗinki sun fi fitowa in haske ya zo musu ta gefe, saƙar ta yi inuwa. Ba sai an fasa silin ba: ƙaramar fitila mai caji a kan kabad, an juya ta ga bango, tana yin aikin, ga shi ko an ɗauke wuta tana nan.

11. HUNTURU DA DAMINA

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce abokiyar gaba. Sau ɗaya a mako a bi kaya da buroshi daga sama zuwa ƙasa. Gilashi a fesa ruwan a tsumma, ba a jikinsa ba, kada ya gangara ya shiga ƙarƙashin firam. Bushewar iskar lokacin tana tsaga itace da ƙwarya, to a nisanta su da kaskon jin ɗumi.

Yuli zuwa Satumba kuma, duk wata a ɗaga kowane firam a leƙa bayansa. Ana neman fumfuna, da hanyar gara mai kama da jijiyar ƙasa, da tsatsa a waya. Ka ga ɗigon fumfuna a yadi, fitar da shi inuwa mai iska ya bushe sarai, sannan ka kakkaɓe a waje. Ban da shanya a rana.

Kayan da ka ajiye tun mataki na bakwai yanzu ne ranarsu. Yadi da takarda suna gajiya da haske ko da ba rana kai tsaye, don haka nakan sauke su bayan wata shida in ɗora wasu. Ni da ƙaramar salla da kuma farkon hunturu nake canjin, don kada in manta. Wanda aka sauke, in yadi ne a naɗe shi a jikin bututun kwali ko roba da aka lulluɓe da farin zani, kada a ninke, domin kan ninki yake fara karyewa. A sa kafur a ƙulle cikin ɗan tsumma a gefen akwatin, ba a jikin kayan ba. Akwatin kuma a ɗora shi a kan bulo ko benci, ya bar ƙasa da bango da kamar tafin hannu guda, saboda gara.